Allura Ɗaya, Cuta Biyar, Zuwa Uku

Jawabin da aka gabatar wa masu aikin sa-kai, da ungozomomi, da masu unguwanni daga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Mun san wasunku sun fito tun da asuba daga Kajiji da Dandin Mahe da Horo Birni, wasu kuma daga Danchadi da Dingyadi da Sifawa. An bar gona, an bar gida, an zo. Mun gode ƙwarai.

Yau maganarmu a kan allura ɗaya ce, wadda malaman asibiti ke kira Penta, wadda ake yi wa jariri a cinya. Kafin mu shiga bayaninta, bari mu ba ku labarin wani kuskure da mu da kanmu muka yi.

Wata rana muna zagayen gida-gida, muka shiga wani gida muka tarar da yaro ɗan wata 7 a bayan uwarsa. Muka nemi katinsa. Ta ɗauko shi daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda, tsaf da shi. Muka duba, an yi masa Penta ta farko, sauran gurabun kuma babu komai. Muka tambaye ta dalili. Ta ce ranar da aka yi masa allurar bai yi barci ba, jikinsa ya yi zafi, cinyar ta kumbura, ya kwana yana kuka. Da gari ya waye uwar mijinta ta ce, "Lafiyarsa lau kuka kai shi, kuka dawo mini da shi da zazzaɓi." Maigida ya ce kada a sake kai shi. Muka ce mata, "Shin akwai wanda ya gaya miki tun farko cewa zazzaɓin zai iya zuwa?" Ta ce babu.

Nan jikinmu ya yi sanyi, domin mu ne muka zo ƙauyen watanni kafin nan muka ce a kai yara rigakafi. Mun faɗi amfanin allurar, ba mu faɗi abin da zai biyo bayanta a daren farko ba. Matar nan ta yi abin da muka ce. Mu ne muka ba ta rabin magana. Saboda haka yau muna so mu ba ku maganar gaba ɗaya, ku ma ku kai ta gidaje gaba ɗaya.

Abin da ke cikin allurar

Kalmar Penta daga harshen Girka take, ma'anarta biyar. An kira ta haka domin rigakafin cuta biyar ne aka haɗa a kwalba ɗaya.

Ta farko mashaƙo. Tana kama maƙogwaro, wata fata mai launin toka ta rufe hanyar numfashi, wuya ya kumbura. Dafin da ƙwayar cutar ke fitarwa yana iya taɓa zuciya ko da maƙogwaron ya warke.

Ta biyu tarin shiƙa. Yaro ya yi ta tari ba tsayawa har ya shiɗe, ya yi amai, a yi makonni ana fama. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ta fi kashewa, kuma wani jaririn ba ya ma tari, numfashin ne kawai ke ɗaukewa.

Ta uku sarƙewar haƙora, wadda ake kira tetanus a asibiti. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri idan an yanke da ƙarfe marar tsabta. Iyayenmu ungozomomi sun san jaririn da ke daina shan nono wajen ranar suna, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare. Mu lura da abu ɗaya a nan: a makonnin farko, allurar da uwa ta karɓa wajen awon ciki ita ke kare jariri daga wannan cuta. Penta tana karɓar aikin ne daga baya.

Ta huɗu ciwon hanta nau'in B. Wannan ba ya nuna kansa da wuri. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, a cikin 10 kusan 9 za su zauna da ƙwayar har girma, sai bayan shekaru 20 ko 30 hanta ta lalace ko ta kamu da ciwon daji. Shi ya sa ake yin wata allurar hanta daban tun ranar haihuwa, an fi so cikin awa 24, sannan Penta ta ƙarasa.

Ta biyar wata ƙwayar cuta ce da ake kira Hib. Tana haddasa sanƙarau da ciwon huhu ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da ya tsira daga sanƙarau ɗinta yana iya kurmancewa. Sai dai mu sani, sanƙarau yana da ƙwayoyi iri-iri. Penta tana tare na Hib ne kawai. Wanda ke zuwa mana da bazara yana da tasa allurar, ana yin ta a wata 9.

Dalilin haɗa su

Haɗa rigakafi a kwalba ɗaya ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1940 aka haɗa na mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus a Amurka, ita ce allurar DPT. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin rigakafin yara na duniya, DPT tana cikinsa, kuma Nijeriya ta shiga shirin a ƙarshen shekarun 1970. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan an yi mana DPT muna goye. A 2004 aka ƙara allurar ciwon hanta a jadawalin ƙasar nan, ana yin ta daban. A watan Yuni na 2012 Nijeriya ta fara amfani da Penta, da tallafin ƙungiyar Gavi, aka bi jihohi rukuni-rukuni har ta game ƙasa. Ke nan Penta tsohuwar DPT ce aka ƙara mata na hanta da na Hib.

Ku yi lissafi da mu. Cuta 5, kowace tana bukatar allura sau 3. Da za a yi su ɗaya-ɗaya, huda 15 ke nan a cinyar jariri. Da aka haɗa su, huda 3 ta wadatar. Uwar da ke biyan kuɗin kabu-kabu daga ƙauye zuwa asibiti ta san bambancin. Malamin asibiti ma ya sani, domin kwalba ɗaya zai ajiye a firji maimakon da yawa, sirinji ɗaya zai buɗe, layi ɗaya zai cike a rajista. Kuma babu zancen a ce an yi wa yaro ta mashaƙo an manta ta hanta. Idan ya samu, ya samu duka biyar.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya tara mu yau. Idan yaro ya rasa ta, duka biyar ya rasa a lokaci guda.

Arba'in da kwana biyu

Penta sau 3 ake yin ta: a mako 6, da mako 10, da mako 14. Mun lura lissafin mako yana rikita mutane, don haka ga yadda muke faɗa a gidaje. Mako 6 kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. Duk matar da ta haihu ta san ranar da za ta gama wanka. To, jibin ranar ita ce ranar allura ta farko. Daga nan a ƙirga Juma'a 4 a koma, a sake ƙirga Juma'a 4 a koma. Ta ƙarshe tana faɗawa ne yaro yana da kwana 98, wata 3 da 'yan kwanaki.

Me ya sa ɗaya ba ta isa? Allura ta farko gabatarwa ce, jiki ya ga kamannin cutar ya fara saninta. Ta biyu tana tuna masa. Ta uku ce ke sa garkuwar ta yi ƙarfi ta daɗe. Kamar yaɓen ɗaki ne. Wanda ya yi yaɓe ɗaya ya tsaya, ruwan Agusta zai nuna masa aikin bai ƙare ba. Kuma a daidai waɗannan watanni ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa take raguwa, don haka ake so tasa ta kafu da wuri.

A ranakun nan uku ba Penta kaɗai ake bayarwa ba. Akwai ɗigon shan inna, da ɗigon rigakafin gudawa wanda aka fara a 2022, da allurar ciwon huhu wadda aka fara a ƙarshen 2014, da allurar shan inna wadda aka fara a 2015. Saboda haka uwa za ta ga an yi wa yaro huda 2 ko 3 a zama ɗaya. Ku gaya mata tun a gida, kada ta gani ta firgita ta ɗauka kuskure aka yi.

Akwai wani abu na al'adarmu da ke sa yara ɓacewa a wannan lokaci. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta wanka. Ta haihu a Shagari, alal misali, an yi wa jariri allurar haihuwa a can, sai bayan arba'in ta koma ɗakinta a Boɗinga. Asibitin can ya ɗauka ta koma, na nan bai san da ita ba, kati kuma wataƙila an bar shi a ɗakin kaka. Ga yawon arba'in ya biyo baya. Ku sani, katin rigakafi yana aiki a kowane asibitin gwamnati a faɗin ƙasar nan. Inda aka fara ba dole ne a ƙarasa a nan ba. Ranar da ake haɗa wa maijego kayanta, kati ya shiga cikin kayan.

Inda muke a Jihar Sakkwato

Ba za mu ɓoye muku ba, alƙaluman jiharmu ba su da daɗin ji. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, an duba yara 'yan wata 12 zuwa 23. A Nijeriya gaba ɗaya, 33 cikin 100 ne suka sami Penta ta uku. A Jihar Sakkwato 3 ne cikin 100, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Wannan sakamako na cikin abin da ya sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana matakin gaggawa a kan rigakafin yara a 2017. Tun kafin nan, a 2015, gwamnatin jiha ta sa hannu a yarjejeniya da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Dangote domin gyara harkar. Binciken 2021 ya nuna ƙasa ta kai 57 cikin 100. Sakkwato ta ɗan motsa, amma tana sahun baya.

Me ke faruwa idan yara da yawa suka tashi babu wannan kariya? Mun gani da idonmu. Daga 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, ya yi tsanani a 2023, Jihar Kano ce ta fi jin jiki, sai Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Zuwa farkon 2025 mutanen da suka mutu sun haura 1,000, akasarinsu yara, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu ba su kammala rigakafi ba. Cutar da matasan malaman asibiti da yawa ba su taɓa gani ba sai a littafi, ta dawo ta cika gadaje. Motocin Kano kullum suna shigowa Sakkwato. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amma kada mu karaya. Iyayenmu da ke nan sun san agana, 'ya'yanmu ba su san ta ba, domin rigakafi ya kawar da ita daga duniya a 1980. Shan inna na daji an ga na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da shi. Sarakunanmu sun taka rawa babba a wannan, musamman tun 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Sai dai ɗigon shan inna har ƙofar gida ake kawo shi. Penta allura ce, sai an je asibiti ko wurin da malamai suka kafa teburinsu a ƙauye. Gidaje da yawa sun ɗauka tunda an ɗiga wa yaro a baki, an gama masa rigakafi. Wannan fahimta sai mun gyara ta.

Daren farko

Yanzu mu koma ga rabin maganar da muka rage wa matar nan. Gaskiya ne, Penta takan kawo zazzaɓi. Yara da yawa jikinsu yakan yi zafi, wurin allurar ya yi ja ko ya kumbura, su yi ta rigima. Ɓangaren tarin shiƙa ne ya fi jawo haka. Alama ce jiki ya ga abin da aka nuna masa yana aiki a kai. Yakan wuce cikin kwana 1 ko 2. Wani lokaci ɗan ƙullutu yakan rage a cinyar na wasu makonni, ya baje da kansa.

Abin da uwa za ta yi: ta yawaita ba shi nono. Ta rage masa kaya masu nauyi. Ta sa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗan sanyi a wurin allurar. Idan malamin asibiti ya ba da farasitamol na yara, a bi awon da ya faɗa, kada a ƙara. Kada a gasa cinyar da ruwan zafi, kada a murza, kada a shafa mata komai, kada a tsaga.

Abin da zai sa a koma asibiti ba tare da jira ba: idan yaro ya yi jijjiga, ko ya yi kuka mai tsanani awa 3 ba tsayawa, ko ya ƙi nono sam, ko numfashi ya yi masa wuya, ko jikinsa ya saki, ko zazzaɓin ya wuce kwana 2, ko wurin ya yi ruwa. Irin waɗannan ba su cika faruwa ba, amma dole uwa ta san su. Zazzaɓin da ya daɗe yana iya zama na cizon sauro ne ya faɗo daidai lokacin, kuma wannan gwaji yake so da magani. Haka kuma bayan an yi allura a ɗan zauna a asibiti kamar minti 15 zuwa 30 kafin a kama hanya.

Wa ya kamata ya ji wannan bayani? Ba uwa kaɗai ba. A gidajenmu maigida ne ke ba da izini da kuɗin mota, kaka kuma ita ke karɓar yaro idan ya yi kuka da dare. Idan su biyun nan sun ji daga bakinmu tun kafin a tafi cewa zazzaɓi zai iya zuwa kuma zai wuce, to idan ya zo sai su ce, "Ai an faɗa mana." Idan ba su ji ba, sai su ce an cuci yaro.

Tambayoyin da ake yi mana

Ana cewa, magani biyar a lokaci guda bai yi wa jariri yawa ba? Amsa ita ce babu ƙwayar cuta mai rai ko ɗaya a cikin Penta. Na mashaƙo da na tetanus dafin cutar ne da aka kashe masa ƙarfi. Na tarin shiƙa ƙwayar ce matacciya. Na hanta da na Hib ɗan ɓangare ne na rigar ƙwayar. Duka abin rabin mililita ne, bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Jaririn da ke tsotsar hannunsa a kan tabarma yana haɗuwa da ƙwayoyi iri-iri da suka fi wannan yawa kowace rana, jikinsa kuma yana iyawa da su.

Ana cewa, ba ta hana haihuwa? Wannan magana ta daɗe. Ita ce ta sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, har sai da aka yi gwaje-gwaje aka dawo da shi a 2004, bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Mu dai ga abin da muke cewa: 'yan matan da aka yi wa DPT a shekarun 1980 suna cikinmu, sun haihu, wasu har da jikoki. Penta da ake kawowa ƙasashe irin namu, kamfanonin Indiya ne suka fi yin ta, irin su Serum Institute da Biological E. Indonesiya ma tana yin tata a kamfanin Bio Farma tana yi wa 'ya'yanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana tantance ta, NAFDAC ma tana yi mata rajista kafin a yi amfani da ita a nan. Alhazanmu ma ba sa shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau, wadda ita ma nau'i 4 ne aka haɗa a allura ɗaya.

Ana cewa, mun makara, sai a sake daga farko? A'a. Yaron da ya sami ta farko ya tsaya, ko bayan wata 5 ne, ta biyu za a yi masa, a jira mako 4 a yi ta uku. Wanda bai taɓa samu ba, ko ya wuce shekara 1, a kai shi malamai su duba abin da ya dace da shi. A 2023 aka fara wani yunƙuri a duniya na cim ma yaran da aka tsallake har zuwa 'yan shekara 5, kuma Nijeriya ta shiga ciki.

Ana cewa, yaro yana mura ko ɗan zawo, a bari ya warke? A kai shi. Ƙaramar rashin lafiya ba ta hana rigakafi, rama ma ba ta hanawa. Yaro mai tamowa ya fi kowa bukatarta. Malamin asibiti ne zai duba ya ce a jinkirta idan ciwon mai tsanani ne.

Ana cewa, nawa ake biya? Rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati, kati ma kyauta ne.

Gefen asibiti

Adalci ne mu faɗi cewa ba kullum laifin yake ga iyaye ba. Mun sha jin mace ta ce ta je ta tarar da ƙofa a rufe, ko an ce magani ya ƙare, ko an daka mata tsawa don ta makara ko ta ɓatar da kati. Macen da ta roƙi izini, ta ranci kuɗin kabu-kabu, ta dawo haka nan, da wuya ta sake fita. Idan haka ta faru kada a yi shiru, kada kuma a yi faɗa a bakin asibiti. Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta da ke sa ido a kan asibiti. A kai maganar can, ko wajen mai unguwa ya isar wa hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Mu kuma san wahalar malaman. Penta tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana lalata ta, ƙanƙara ma tana lalata ta, kwalbar da ta daskare sai zubarwa. Shi ya sa ake sa firji mai aiki da hasken rana, ake kuma ɗaukar ta cikin akwatin sanyi idan za a shiga ƙauye. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari da ke canza launi idan zafi ya taɓa ta, malamai suna duba shi kafin su ja magani. Kwalbar Penta da aka buɗe tana iya kai kwana 28 idan an kiyaye ƙa'idar ajiya, don haka babu dalilin a ce wa uwa ta koma sai yara sun taru. Ta ƙyanda da ta tarin fuka ne ba sa wuce awa 6 bayan an haɗa su, shi ya sa wasu asibitoci ke ware musu rana. Aikinmu ne mu san ranakun kowane asibiti da ke kusa da mu, mu faɗa wa mutane daidai.

Wata haɗaɗɗiyar allura ta shigo

Kafin mu rufe, ku sani Penta ba ita kaɗai ce haɗaɗɗiya ba. A watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta ƙaddamar da allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela, aka fara da babban gangami na yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Rubela tana kama da ƙyanda mai sauƙi, amma idan ta kama mace a farkon ciki, jaririn yana iya zuwa kurma, ko da yanar ido, ko da ciwon zuciya. Lokacin allurar ƙyanda bai canza ba: wata 9 da wata 15. A 2025 kuma Senegal da Muritaniya suka fara amfani da allura mai cuta 6, wato Penta da aka ƙara mata ta shan inna. Duk manufar ɗaya ce, a rage huda, a rage zirga-zirga. Amma komai yawan abin da aka haɗa a kwalba, sai an kawo yaron.

Aikin da ke gabanmu

Ga abin da muke roƙon kowa ya ɗauka ya tafi da shi.

Iyayenmu ungozomomi, ku ne farkon masu sanin an haihu. Ku sanar da mai aikin sa-kai na unguwa a ranar, domin a kai jariri allurar haihuwa. Ranar da kuka je yi wa maijego sallamar arba'in, ku tuna mata jibi ne.

Iyayenmu masu unguwanni, ranar suna maza suna taruwa a ƙofar gida. Magana ɗaya daga bakinku a wurin ta fi zagayenmu na wata guda. Ku ce wa uban yaro zuwa uku ne, ku ce masa zazzaɓi zai iya biyo baya kuma yana wucewa. Wanzamai ma a jawo su cikin maganar, domin babu gidan haihuwar da ba sa shiga.

Masu aikin sa-kai, kowa ya sami ɗan littafi. A rubuta sunan jariri, da ranar haihuwa, da ranakun nan uku. Washegarin allura ta farko ku koma gidan da safe ku gaishe su, ku tambayi yadda aka kwana. Wannan ziyara ita ce mafi muhimmanci a duk aikin, domin a safiyar nan ake yanke shawarar ko za a koma. Idan an tsallake rana, ku je ku ji dalili ba tare da faɗa ba. Kada ku manta da rugagen Fulani da masu zaman fadama lokacin aikin albasa, su ma a san inda suke, a gaya wa malaman asibiti domin a kai musu.

Game da yaron da muka fara da labarinsa, mun koma gidan da yamma lokacin da maigida yake nan. Muka ba shi haƙuri a kan abin da ba mu faɗa ba tun farko, muka yi masa bayanin da muka yi muku yanzu, kaka tana daga ƙofar ɗaki tana ji. Bai ce komai ba a ranar. Bayan mako 2 aka kai yaron ya karɓi ta biyu, kakar ce ma ta raka su. Ba kowane gida ne ke ƙarewa haka ba, akwai waɗanda har yau muna komawa. Amma tun daga ranar ba mu sake cewa a kai yaro allura ba tare da mun faɗi zancen daren farko ba.

A wata mai zuwa idan mun sake haɗuwa, kowa ya zo da littafinsa. Za mu zauna unguwa-unguwa mu ƙirga yara nawa suka fara, nawa suka kai ta uku, mu ga waɗanda suka rage da abin da ya tsayar da su.

Allah ya raya mana yaranmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.